Bin sawun guguwoyin Atlantika na 2005: rumbun Miami, HURDAT2, IBTrACS, taswirar intanet ko takarda da fensir?

Duk wanda ya zauna da niyyar bin sawun guguwoyin da suka taso a Tekun Atlantika a shekarar 2005, saɓani ne zai fara yi masa maraba. Wani shafi zai ce guguwa 27 aka yi a kakar, wani ya ce 28. Rahotannin ranar Litinin 29 ga Agusta sun ce Katrina ta afka wa jihar Louisiana ta Amurka tana mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin guguwa mai matakai biyar, amma rahoton hukuma da ya fito a watan Disamba ya ce a mataki na 3 take. Adadin waɗanda ta kashe ma bai tsira ba. An shafe shekaru ana ambaton 1,833, sai a farkon 2023 Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miami, wadda aka fi sani da NHC, ta mayar da shi 1,392.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowace kakar guguwa tarihi iri biyu take bari. Akwai abin da masu hasashe suka sani a daren da abin ke faruwa, suna rubutu cikin gaggawa da ɗan abin da jirgin leƙen guguwa da tauraron ɗan adam suka kawo musu. Akwai kuma abin da aka tabbatar bayan ƙura ta lafa, aka zauna aka tace alƙaluma, aka fitar da tatacciyar hanyar kowace guguwa. Kafin ka zaɓi inda za ka nemi bayani, sai ka san wanne daga cikin biyun kake nema. Yawancin kurakuran da nake gani a aikin ɗalibai da rubutun 'yan jarida daga cakuɗa su suke fitowa.

Na ɗauki 2005 ne don babu kakar da ta fi ta tona asirin kowace hanyar bincike. A ƙa'ida kakar Atlantika daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba, amma ta wannan shekarar sai da ta tsallaka cikin Janairun 2006 kafin guguwar Zeta ta mutu. Sunaye 21 da aka tanada sun ƙare a kan Wilma, aka koma ga haruffan Girkanci har shida. Guda 15 sun kai matsayin mahaukaciyar guguwa, huɗu daga ciki, Emily da Katrina da Rita da Wilma, sun taka mataki na 5. Vince ta yi abin da ba a saba gani ba, ta juya gabas ta sauka a kudancin Sifaniya, Delta kuwa ta bugi tsibiran Canary, ragowarta ya shiga Maroko.

Abin da za a auna da shi

Ma'auni na farko shi ne wanda aka riga aka faɗa: bayanin lokacin ne, ko tataccen na baya? Na biyu kuɗi. Kusan duk abin da za a ambata a nan kyauta ne, domin hukumomin gwamnatin Amurka ne suka wallafa shi, amma kyauta a Miami ba kyauta ba ce ga mai sayen data a Kano ko Maraɗi. Kuɗin gaskiya shi ne nauyin abin da za ka sauke, da irin na'urar da yake buƙata. Na uku ɗorewa: idan ka dawo bayan shekara biyar, za ka tarar da shi a inda ka bar shi, kuma da alƙaluman da ka kwafa? Wannan ba tsoron banza ba ne. A watan Mayun 2025 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta sanar da daina sabunta sanannen rumbunta na bala'o'in da ɓarnarsu ta kai dala biliyan ɗaya, rumbun da masu bincike suka daɗe suna dogaro da shi. Na huɗu sauƙin amfani, na biyar kuma haɗarin da ke akwai na ka fahimci abu a baibai.

Akwai ma'aunai kaɗan da dole ka riƙe ko wace hanya ka bi. Idan iska ta kai kilomita 63 a awa ake ba guguwa suna. Daga kilomita 119 ta zama mahaukaciya, mataki na 1 a ma'aunin Saffir-Simpson. Mataki na 3 daga 178 yake farawa, na 5 daga 252. Takardun ƙwararru da ma'aunin matuƙa jirgin ruwa suke aiki, wanda suke rubutawa kt, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Matsin iska kuma da miliba ake auna shi, kuma gwargwadon ƙanƙantar adadin gwargwadon ƙarfin guguwar.

Rumbun NHC

A shafin NHC akwai ajiya iri biyu, kuma wannan ne kaɗai wurin da za ka sami tarihin nan biyu gefe da gefe. Ta farko ita ce ta sanarwoyin da aka fitar lokacin da guguwa ke raye. Duk bayan awa shida ake fitar da cikakkiyar sanarwa, idan kuma an yi wa wata gaɓa gargaɗi sai a riƙa tsarma wata a tsakani. Kowace tana zuwa da bayani ga jama'a, da alƙaluma ga ƙwararru, da zanen nan mai siffar mazurari da ke nuna inda ake zaton cibiyar guguwar za ta bi, sannan da sharhin mai hasashe, inda yake faɗin dalilinsa da shakkunsa, ya sa sunansa a ƙasa.

Sharhin nan shi ne dukiyar rumbun. Buɗe na Katrina na ranar Juma'a 26 ga Agusta ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da safe hasashe yana nuna za ta lanƙwasa ta koma arewa maso yammacin Florida. Kafin dare layin ya matsa yamma ya doshi gaɓar Louisiana da Mississippi. Wanda ke son ya san kwana nawa hukumomin New Orleans suka samu na shiri, a nan zai ƙirga, ba a taswirar da aka zana bayan komai ya wuce ba. Idan ka kai ga na Epsilon da Zeta a ƙarshen shekara, za ka ji gajiya da barkwanci a rubutun masu hasashen, domin sun yi ta cewa guguwar za ta mutu gobe, ita kuwa ta ƙi mutuwa.

Ajiya ta biyu ita ce ta rahoton ƙarshe da ake rubuta wa kowace guguwa bayan ta wuce. A nan ne aka sauke Katrina zuwa mataki na 3 a lokacin saukarta, aka ɗaga Cindy ta watan Yuli zuwa mahaukaciyar guguwa, aka tabbatar Emily ta taɓa mataki na 5 na ɗan lokaci. A nazarin bayan kaka ne kuma aka gano wata guguwa da ta yi ɗan gajeren rai kusa da tsibiran Azores a farkon Oktoba ba tare da an ba ta suna ba. Ita ce ta 28, ita ce ta haifar da saɓanin da aka fara da shi.

Rahoton ƙarshe yana da wani amfani ga mai karatu na yankinmu. Yawancin manyan guguwoyin Atlantika daga tarin hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma a lokacin damina suke samo asali, ya fita teku ta wajen Senegal da Gini. Rahoton Katrina ya ambaci irin wannan hadari da ya bar gaɓar Afirka ranar 11 ga Agusta, ya haɗu da ragowar wata ƙaramar guguwa da ta riga ta mutu, kafin abin ya haɗa jiki kusa da Bahamas ranar 23. Taswirori da jadawalin alƙaluma daga ranar 23 suke farawa. Kwanakin nan goma sha biyu a rubutun rahoton kaɗai za ka same su.

Ta fuskar kuɗi, sanarwoyin rubutu ne tsagwaronsa, ba sa cin data, ko ƙaramar waya za ta buɗe su. Rahotannin ƙarshe fayilolin PDF ne, na manyan guguwoyi suna da ɗan nauyi saboda hotuna. Ɗorewa kuwa, sanarwar da aka fitar ta fitu, ba a gyara ta, amma rahoton ƙarshe akan sabunta shi, don haka ka rubuta ranar bugun da ka yi amfani da shi. Wahalarsa ita ce Turanci ne na masu sana'a, na 2005 ma duk da manyan baƙaƙe aka buga shi, ga gajerce-gajercen kalmomi. Sannan kowace guguwa da nata shafin, babu inda za ka ga kakar gaba ɗaya tana motsi. Babban tarkonsa agogo ne. Sanarwar jama'a da agogon Amurka take zuwa, ta ƙwararru da agogon UTC, wato GMT. Katrina ta sauka kusa da garin Buras da ƙarfe 11:10 agogon UTC, wato 6:10 na safe a Louisiana, 12:10 na rana a Najeriya da Nijar. Wanda bai kula ba zai iya matsar da abu daga wata rana zuwa wata.

HURDAT2

Wannan fayil ne guda ɗaya na rubutu, 'yan megabait kaɗan, ɗauke da tatacciyar hanyar kowace guguwar Atlantika tun daga 1851. Ba hoto, ba labari. Kowane layi yana ba ka kwanan wata, da lokaci, da matsayin guguwa, da latitud da lonjitud, da ƙarfin iska, da matsin iska, duk bayan awa shida, sai ƙarin layi a lokacin sauka a gaɓa, wanda ake yi wa alama da harafin L. Katrina tana ƙarƙashin lamba AL122005. Layinta na farko yana nuna ta a digiri 23.1 arewa, 75.1 yamma. Ranar 28 ga Agusta da ƙarfe 18:00 agogon UTC ta kai ƙololuwa, iska 150 kt, kusan kilomita 278 a awa, matsi miliba 902. A Buras ta ragu zuwa 110 kt da miliba 920.

Idan lissafi kake so, ba shi da na biyu. Da Excel kawai za ka iya fitar da yadda Wilma ta zubar da miliba 97 cikin awa 24 har ta kai 882 ranar 19 ga Oktoba, adadin da ya karya tarihin Gilbert ta 1988 mai 888. Ka sauke shi sau ɗaya ka ajiye a kwamfuta ko filashi, ba ruwanka da intanet kuma. A ɗorewa babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin na'urori, sai dai da sharaɗi: duk shekara ake fitar da sabon bugu, kuma ana komawa baya a gyara tsofaffin kakanni. Andrew ta 1992 sai bayan shekara goma aka ɗaga ta daga mataki na 4 zuwa na 5. Sunan fayil ɗin yana ɗauke da kwanan watan bugunsa, kada ka canza shi.

Tarkunansa uku ne da na sani suna kama mutane. Inda babu bayani ana rubuta -999, wanda ya haɗa matsakaici bai cire su ba ya yi aikin banza. Lambobin guguwoyin ƙarshen 2005 ba su dace da na sanarwoyin lokacin ba, domin da aka tsarma marar sunan nan ta Azores sai duk na bayanta suka matsa: Wilma ta 24 ce a sanarwa, AL252005 ce a fayil. Na uku ya fi su girma. Ganin 1851 da 2005 a jadawali ɗaya yana sa mutum ya ɗauka ingancinsu ɗaya. Jiragen leƙen guguwa sai a tsakiyar shekarun 1940 suka fara aiki, sa ido da tauraron ɗan adam kuma sai a shekarun 1960. Kafin nan, guguwar da ta taso ta mutu a tsakiyar teku ba ta gamu da jirgin ruwa ba, babu wanda ya rubuta ta. Don haka kwatanta 28 na 2005 da 20 na 1933 yana buƙatar taka-tsantsan. Kwatanta ta da 2020 mai guguwa 30 ya fi tsabta.

IBTrACS

Cibiyar adana bayanan muhalli ta NOAA da ke Asheville ce ke kula da shi, kuma aikinsa tattaro tatattun hanyoyi daga hukumomin duniya wuri guda: Miami, Tokyo, New Delhi, tsibirin Réunion, Ostiraliya, Fiji da sauransu. Yana zuwa a siffar CSV, wato jadawalin da Excel ke buɗewa, da netCDF na masana kimiyya, da fayilolin da manhajojin zana taswira irin su QGIS ke karantawa kai tsaye.

Ga wanda Atlantika ta 2005 kaɗai ta dama, wannan ɗaukar kaya ne da ya fi ƙarfin buƙata, domin ɓangarensa na Atlantika daga HURDAT2 ɗin aka kwaso shi. Cikakken fayil ɗin ɗaruruwan megabait ne, ginshiƙansa sun haura ɗari, waya ba za ta ɗauka ba, ƙaramar kwamfuta ma sai ta yi nishi. Akwai ƙananan yanka na kowane teku, su ya kamata a sauke. Amfaninsa yana bayyana ne ranar da ka so jera Katrina da Haiyan ta Filifin ta 2013, ko da Idai da ta ragargaza Beira a Mozambik a 2019.

A nan kuma haɗarinsa yake. Amurka da matsakaicin iskar minti ɗaya take auna ƙarfi, Japan da Réunion da na minti goma, Indiya da na minti uku. Guguwa ɗaya za ta fi nuna ƙarfi a ma'aunin minti ɗaya. Wanda ya ɗauki ginshiƙin wata hukuma ya gwada da na wata bai daidaita ba, ya kwatanta abin da ba ya kwatantuwa. Bugu na huɗu kuma yana cike gurbin kowace awa uku da ƙiyasi, ba duk layi ne awo na gaske ba. Ga masu rubuta lambar kwamfuta akwai wani ɗan abin dariya mai cin lokaci: alamar Arewacin Atlantika a fayil ɗin NA ce, wasu manhajojin lissafi kuwa da sun ga NA sai su ɗauka gurbi ne marar komai, su share tekun gaba ɗaya.

Taswirar NOAA da hotunan NASA

Historical Hurricane Tracks taswira ce ta intanet da ofishin NOAA mai kula da gaɓar teku ya tanada. Ka rubuta shekara, ko suna, ko gari, ta zana maka layukan da launi gwargwadon ƙarfi. Cikin 'yan mintuna za ka ga abin da jadawali ba zai nuna maka da wuri ba: manyan guguwoyin 2005 ba can kusa da tsibiran Cape Verde na gaɓar Afirka suka yi ƙarfi ba, a Tekun Karibiyan da mashigin Meziko suka taru. A sauƙi ita ce kan gaba. Tana son intanet mai ƙarfi da babban allo, kuma ranar da aka sauya shafin ko aka rufe shi ba ka da komai a hannu sai hoton da ka ɗauka.

Ka kula da suna. Jerin sunayen Atlantika duk shekara shida yake dawowa, sai wanda aka yi wa ritaya, kamar yadda aka yi wa Dennis da Katrina da Rita da Stan da Wilma bayan 2005. Akwai Harvey da Maria da Irene a 2005, amma ba su ne masu ɓarnar da duniya ta sani ba, waɗancan na 2017 ne da 2011. Katrina kanta an taɓa yin ta a 1981 da 1999.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne layin kansa. Kamar sawun tayar babbar mota yake a kan turɓaya, yana nuna inda ta bi, ba ya nuna iyakar inda ƙurarta ta kai. Cibiyar Katrina gabas da New Orleans ta wuce, amma ɓallewar shingayen ruwa ta sa kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, tumbatsar teku kuma ta haura mita takwas a Pass Christian da ke Mississippi. Stan a taswira ba ta da wani kwarjini, mataki na 1 ce da ta sauka a jihar Veracruz ta Meziko ranar 4 ga Oktoba. Mafi yawan mutuwar da aka danganta da ita a Guatemala ta auku, inda ruwan sama da zaftarewar ƙasa suka binne ƙauyuka, cikinsu har da Panabaj.

Abokin tafiyar wannan taswira shi ne Worldview na NASA, mai hotunan taurarin ɗan adam Terra da Aqua na kowace rana, na farko tun 2000, na biyu tun 2002. A can za ka ga faɗin gajimaren da idonka. Kyauta ne, amma yana shan data ba kaɗan ba, kuma kowane tauraro hoto ɗaya na rana yake bayarwa, ba motsi na awa-awa ba. Yana da wani amfani: tantance hotunan ƙarya. Wasu hotunan baƙin hadari da aka daɗe ana yaɗawa a matsayin isowar Katrina, a filayen tsakiyar Amurka aka ɗauke su, nesa da teku.

Manhajojin waya

Windy da Zoom Earth da ire-irensu sun fi kowa kyan gani, kuma su mutane suka fi sani. Don yau da gobe aka gina su. Windy hasashen manyan na'urorin Turai da Amurka take nunawa, ba ta da abin da za ta ba mai neman 2005. Zoom Earth tana ajiye da hanyoyin tsofaffin guguwoyi, za ta yi maka idan leƙe kawai kake so. Dukansu akwai na kyauta da na biyan kuɗi, kuma kamfani na iya matsar da abu daga wannan zuwa wancan duk ranar da ya ga dama. Ba na kafa hujja da su a rubutu. Haka shafin Wikipedia na kakar: ƙofar shiga ce mai kyau, ka karanta don ka san sunaye da jerin abubuwa, sannan ka bi adadin zuwa inda aka ɗauko shi.

Takarda da fensir

Wannan ba wasa ba ne. Shekara da shekaru mazauna gaɓar Amurka da shi suke bin guguwa, shaguna da gidajen talabijin suna raba taswirar kyauta a farkon kaka, mutum ya saurari latitud da lonjitud a rediyo ya ɗiga a takarda. Har yanzu NHC tana da taswirar Atlantika marar komai a shafinta don bugawa. Kuɗinta na firinta ne da fotokwafi. Ba ta buƙatar wuta ko caji, kuma babu kamfanin da zai rufe ta.

Ita kaɗai ba ta da bayani, sai ka shayar da ita daga ɗayan biyun farko, kuma a nan daɗinta yake ga malami. Ka ba rabin aji wuraren da Katrina ta bi daga HURDAT2, ka ba ɗaya rabin hasashen safiyar 26 ga Agusta daga rumbun sanarwoyi, a ɗora takardun biyu a kan juna a hasken taga. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ce darasin. Ɗalibin da ya ɗiga hanyar Wilma da hannunsa, ya ga ɗigon sun cunkushe a kan Yucatán ta Meziko daga 21 ga Oktoba sannan suka yi ta nisa da juna har Florida ranar 24, ya fahimci saurin tafiyar guguwa ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Aibinta jinkiri ne, da sauƙin juya lonjitud, domin a yammacin duniya lamba tana ƙaruwa ne idan aka nufi hagu. Guguwa uku ko huɗu takarda ɗaya ke ɗauka kafin ta rikice, 28 ba za su shiga ba.

| Hanya | Irin tarihi | Kuɗi da data | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sanarwoyin NHC | Na lokacin | Kyauta, data kaɗan | Ba a gyarawa | Matsakaici | Agogo, da alƙaluman da aka sauya daga baya |
| Rahoton ƙarshe na NHC | Tatacce, da labari | Kyauta, PDF | Akan sabunta | Matsakaici | Kafa hujja da tsohon bugu |
| HURDAT2 | Tatacce, alƙaluma | Kyauta, fayil ƙarami | Mai kyau idan ka ajiye | Sai mai Excel | -999, da raunin tsofaffin shekaru |
| IBTrACS | Tatacce, duk duniya | Kyauta, fayil babba | Mai kyau idan ka ajiye | Mai wuya | Bambancin awon iska |
| Taswirar NOAA da Worldview | Tatacce, a zane da hoto | Kyauta, data mai yawa | Sai shafin na nan | Mai sauƙi ƙwarai | Ɗaukar layi a matsayin iyakar ɓarna |
| Manhajojin waya | Galibi na yau | Kyauta da na biya | Rauni | Mai sauƙi ƙwarai | Rashin sanin tushen adadi |
| Takarda da fensir | Abin da ka zuba | Kuɗin bugawa | Mai kyau | Sauƙi, amma jinkiri | Kuskuren ɗigo |

Wa ya dace da wanne

Ɗan jarida mai shirin tunawa da Katrina ko Rita, rahoton ƙarshe na NHC ne gidansa, bugu na baya-bayan nan. Idan labarin nasa kan shawarar da hukumomi suka yanke ne, kamar kwashe mutanen Houston gabanin Rita, inda cunkoso da zafi suka hallaka mutane a kan hanya alhali guguwar ta karkata ta sauka kusa da iyakar Texas da Louisiana ranar 24 ga Satumba, to dole ya haɗa da sanarwoyin kwanakin, don ya yi wa masu yanke shawarar hukunci da abin da suka sani a lokacin.

Ɗalibin labarin ƙasa ko nazarin yanayi mai aikin kammala digiri ya ɗauki HURDAT2, ya rubuta kwanan watan bugun a cikin aikinsa. Kada ya taɓa IBTrACS sai idan tambayarsa ta fita daga Atlantika. Idan tambayar kan alaƙar daminar Afirka ta Yamma da guguwoyin ce, sai ya karanta sakin layin farko na kowane rahoton ƙarshe, ya fitar da jadawalinsa na waɗanda suka samo asali daga Afirka da ranar da suka bar gaɓa.

Malamin sakandare: takarda, da 'yan layuka daga HURDAT2 da ya kwafa tun a gida. Idan makarantar na da majigi da intanet, taswirar NOAA ta buɗe darasi, takarda ta rufe shi. Mai sha'awa kawai, wanda ya ji labari yana son ya gani, taswirar NOAA da Worldview sun ishe shi, ya nemi wuri mai Wi-Fi.

Mai ɗan'uwa a Houston ko Miami ko wani tsibirin Karibiyan, wanda tarihin 2005 ya sa shi fargabar kakar bana, babu ɗaya daga rumbunan nan da zai amfane shi a ranar da guguwa ta doso. Shafin farko na NHC zai riƙa dubawa duk bayan awa shida, ya tuna cewa mazurarin hanyar cibiya kaɗai yake nunawa, kuma an zana shi ne bisa tsammanin cibiyar za ta zauna a ciki sau biyu cikin uku. Umarnin tashi ko zama kuwa daga hukumar gundumar da ɗan'uwan yake zaune zai fito.